Ba kowane yaro mai rashin ji ne zai kangare har abada ba

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin masu karatu zuwa ga aikin Farfesa Terrie Moffitt, masaniyar halayyar ɗan'adam a Jami'ar Duke ta Amurka, wadda ta shafe fiye da shekara 30 tana nazarin yaran da suka gagari iyayensu da faɗa da sata.

Ginshiƙin aikinta shi ne binciken da ake yi kan mutum 1,037 da aka haifa a birnin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan tsakanin 1972 da 1973. Tun suna shekara uku ake kiransu lokaci-lokaci a auna lafiyarsu da halayensu, a kuma ji ta bakin iyayensu da malamansu, har suka girma suka haifi nasu 'ya'yan.

A 1993 ta bayyana cewa matasan da ke aikata laifi kashi biyu ne. Mafi yawansu rashin jin yana zuwa musu ne da balaga, lokacin da jiki ya cika amma babu sana'a, babu aure, kuma babu mai ɗaukarsu a matsayin manya, sai su kwaikwayi fitinannun cikinsu don a san su ma sun isa. Irin waɗannan galibi suna natsuwa idan nauyin aiki da iyali ya hau kansu. Kaɗan ne alamunsu ke bayyana tun yarinta, kamar yaro ɗan shekara huɗu mai cizo da duka, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ga gida babu abin da aka iya masa sai bulala. Su ne matsalar ke bi har girma.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne gargaɗinta cewa ko wanda zai natsu da kansa yana iya faɗawa tarkon da zai hana shi dawowa hanya, wato kora daga makaranta, shaye-shaye ko zaman gidan yari. Mu kuwa sau da yawa da hannunmu muke ɗana tarkon. Ba mu manta da gidan marin da 'yan sanda suka kai wa samame a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, inda aka fito da mutum sama da 300, wasunsu da sasari a ƙafa, alhali iyaye gyara suka nema.

A 2011 ita da abokan aikinta sun nuna cewa yaran da suka gaza wajen kame kai tun suna ƙanana sun fi fama da rashin lafiya, matsalar kuɗi da hukuncin kotu a shekara 32, ko da an yi la'akari da basirarsu da arzikin gidansu. Don haka nake roƙon ma'aikatun ilimi da lafiya na jihohinmu su koya wa malaman firamare da ma'aikatan asibitocin unguwa gane waɗannan alamu, su kuma ba su likita ko masani da za su riƙa tura iyaye wurinsa.

Taka mai karatu,
Wata malamar firamare, Zariya