Wasiƙa Kan Ƙwayoyin Ƙarfe da Gubar Asenik a Ruwan Sha

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Ka tambaye ni ko da gaske ne ƙananan ƙwayoyin ƙarfe suna raba ruwa da gubar asenik. Gaskiya ne, sai dai akwai sauran rina a kaba.

Muguntar wannan guba ita ce ba ta da launi, wari ko ɗanɗano, kuma tafasa ruwa ba ya kawar da ita. Sai bayan shekaru fata ta fara tabo, tafin hannu ya yi kaushi, wani lokaci har ta kai ga kansar huhu ko ta mafitsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce maikirogiram 10 a lita ɗaya (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), amma a Bangaladash, inda aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse tun shekarun 1970 domin guje wa gurɓataccen ruwan tafki, rijiyoyi da yawa sun zarce haka nesa ba kusa ba.

Asenik yana manne wa tsatsar ƙarfe. Idan aka mayar da ƙarfen ƙwayoyi masu tsananin ƙanƙanta, waɗanda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, jikinsa da ke taɓa ruwa yana ƙaruwa ƙwarai, har ɗan kaɗan ya kama guba mai yawa. A 2006 Vicki Colvin da abokan aikinta a Jami'ar Rice ta Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin magnatayit, wani nau'in tsatsar ƙarfe da maganaɗisu ke ja, masu girman nanomita 12 suna kama asenik, sannan a janye su daga ruwan da maganaɗisu mara ƙarfi sosai.

A ganina, kamawar ce mai sauƙi. Ruwan rijiya ba kamar na ɗakin gwaji ba ne, domin sinadaran fosfet da silika da ke cikinsa suna gasa da asenik wajen samun gurbi a jikin ƙarfen, ƙwayoyin kuma sukan dunƙule su rage aiki. Abin da ya fi damuna shi ne lakar da ta rage bayan tacewa, domin gubar duk tana cikinta, kuma idan aka zubar da ita a inda babu iska, tsatsar tana iya narkewa ta saki asenik ya koma ruwan ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka duk wanda ya tallata maka matatar irin wannan, ka fara tambayarsa inda lakar za ta.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka