Wasiƙa ga aminina: yarinyar da ta haddace shafi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso ni, na kuma ga ƙorafin cewa na yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ka yi haƙuri. 'Yan aji biyu aka danƙa mini a wannan zangon, yara sun haura sittin, kuma tun da na shiga cikinsu ban samu kaina ba.

Bari in ba ka labarin kunyar da na sha. Akwai wata yarinya a sahun gaba, muryarta ta fi ta kowa. Da na ɗora sanda a kan allo, kafin in rufe baki ta rangaɗa jimlar. Ita nake nunawa in an yi baƙi. Rannan na kira ta gaban teburina, na buɗe mata littafi, ta zuba shafi guda ba gargada. Sai na lura yatsanta yana kan layi na biyu, bakinta kuwa ya kai na huɗu. Na yagi takarda na rubuta "rana", kalmar da ta fito sau uku a shafin. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta waiwayi ƙawayenta. Shiru.

Wallahi ranar ko barcin kirki ban yi ba. Washegari na riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, kowa minti guda, sai ga shi irinta sun fi rabin ajin. Ashe amshin nan na gaba ɗaya, da muke jin daɗinsa har maƙwabtan aji su san ana karatu, bargo ne muka lulluɓe matsalar da shi. 'Yan ƙalilan ke karantawa, saura suna bin bakinsu.

Kada ka ce a ajina kaɗai abin yake. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2022 tare da UNESCO da UNICEF ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Kafin korona kashi 57 ne. Da yawansu kuma kullum suna aji, sunayensu na cikin rajista.

Na ajiye littafin tukuna, muka koma tushe. Sautin harafi nake koya musu, ba sunansa ba, haruffa kaɗan a mako. Da sun kama m da n da a, sai haɗa baƙi: ma, na, mana, mama. Daɗin da yaro ke ji ranar da ya haɗa gaɓa biyu kalma ta fito daga bakinsa, sai ka gani da idonka. Don in rufe ƙofar hadda, nakan ƙirƙiri kalmomin da babu su, irin su "zulo" da "nefa". Daga Ingila na aro dabarar. Tun 2012 suke gwada yara 'yan shekara shida da kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira, har da zanen wasu dodanni a gefe don yaro ya ɗauka sunayensu ne. Su da rubutunsu ke da karkata ke nan. Mu da kusan kowane harafi ke da sauti ɗaya, ba mu da uzuri. Sai dai rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "fari" na iya zama launi ko rashin ruwan sama, sai jimla ta raba gardama. Shi ya sa kullum nake karanta musu labari, mu yi ta muhawara a kansa. Wanda ya furta bai gane ba, da sauransa.

Rikicin b da d kuwa, na daina faɗa a kansa. Wani masanin ƙwaƙwalwa ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, ya bayyana cewa ƙwaƙwalwa ta saba ɗaukar abu da juyinsa a matsayin abu ɗaya: kofi kofi ne, ko hannunsa ya dubi dama ko hagu. Sai yaro ya warware wannan sabon kafin ya raba haruffan biyu, balle an ƙara masa ɓ da ɗ. Hannu ne maganinsa. Suna zana harafin a iska, a bayan juna, sannan a takarda, kuma ba mu tashi sai mun yi shifta ta minti biyar.

Na kuma raba su rukuni-rukuni bisa abin da kowa ya iya, kamar yadda ƙungiyar Pratham ke yi a Indiya. Nan muka sami saɓani da shugaban makarantarmu, don shi lissafinsa shafi nawa aka cinye a manhaja. Na ce masa, ranka ya daɗe, shafin muna cinyewa, yaran ne ba sa ƙoshi. Bai yi dariya ba, amma ya ba ni zuwa ƙarshen zango.

Yarinyar nan fa, jiya na rubuta mata "zulo". Ta daɗe tana motsa leɓe, zu, lo, sannan ta faɗa. Sai ta ce, "Malam, mene ne zulo?" Na ce ba komai ba ne. Ta ɓata rai, wai na wahalar da ita a banza.

Ka ce yaronka ya shiga aji ɗaya. Rubuta masa "nefa" ka miƙa masa, ka gaya mini yadda kuka ƙare. A gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
Amininka