Rahoton Ayyukan Shekara: Kwata, Sokawe da Rijiyoyin Unguwarmu

Assalamu alaikum. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu membobin ƙungiya, ga bayanin abin da kwamiti ya gudanar a madadinku cikin wannan shekara.

Yasar kwata ba ta buƙatar dogon bayani, kowa ya gani da idonsa. Mun fita duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, kuma kafin damina ta kankama matasa sun yashe babbar magudanar daga bakin masallaci har kwalbatin titi. Ledar fiya wata da yashi ne suka fi fitowa. Allah ya saka wa waɗanda suka ba da aron baro, shebur da manjagara.

Inda aka fi shan fama shi ne maganar sokawe. Unguwarmu ba ta da bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ƙazanta zuwa wata matata, kowane gida da raminsa. Idan rami ya cika, wasu sai su jira ruwan dare a watan Agusta, su buɗe bututu ko su jona injin, su sako shi cikin kwata. Da asuba mai zuwa masallaci zai tarar da baƙin ruwa mai kumfa kwance a lungu, yara kuma nan za su bi zuwa makarantar allo, wasu ko takalmi babu.

Wannan ruwa ba ɓacewa yake yi ba. Rafin Jakara na nan Kano yake faɗawa, can gaba ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, har da na jima, ya zarce madatsar Wasai a Minjibir. A kan hanya masu lambu suna ban ruwan latas, kabeji da alayyafo da shi, kayan kuma kasuwanninmu suke dawowa. Latas dai ba dafa shi ake yi ba. Shi ya sa kwamiti yake ganin yasar kwata kaɗai tura matsala gaba ne kawai, muddin ana juye masai a cikinta.

Mun zauna da Mai Unguwa, Allah ya ƙara masa lafiya, Malam Liman ma ya yi jan hankali bayan sallar Isha'i. An tsayar da cewa gidajen layi ɗaya su riƙa haɗa kuɗi su kira motar kwasar sokawe rana guda, ya fi sauƙi a kan kowa ya kira tasa. Lungunan da mota ba ta shiga, 'yan gidan-kowa-da-akwai, wato masu kwasar masai da hannu, su ne ke aikin. Mun saya musu safar hannu da takalman roba, bisa sharaɗin ba za su juye a kududdufi ba. Mutane ne da ake yi wa kallon raini, alhali da za su ajiye aiki da unguwa ba ta zaunu ba.

Mun kuma tara magina, wani memba injiniya ya nuna musu ginin rami mai ɗaki biyu: na farko ya riƙe dagwalo ya ruɓe, ruwan sama-sama ya tsallaka na biyu, sannan ya wuce ramin tsotsewa. Wasu magidanta sun ce tsada, gaskiyarsu ne, siminti ba arha.

Batun rijiya bai warware ba. Ƙa'idar masana lafiya ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, a lungunanmu kuwa mita 30 ta haɗiye gidaje da yawa. Abin da muka iya shi ne gayyato duba-gari, suka zaga da mata membobinmu cikin gidaje, aka yi bayanin tafasa ruwan sha da sanya sinadarin kilorin don gudun amai da gudawa da taifot.

Kududdufin bayan makaranta har yanzu ana ta cike gefensa da shara ana neman fili. Membobi sun rabu biyu a kai, don haka mun sa shi a ajandar babban taro. Ra'ayin kwamiti shi ne, idan aka cike shi ruwan damina cikin ɗakuna zai nemi wuri.

Ma'aji zai karanto lissafin kuɗi a taron, rasitai na hannunsa ga mai son dubawa. Waɗanda ake bi kuɗin wata su taimaka su biya kafin ranar, domin da shi za a sayi murafen kwalbatin da aka sace.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa