Yadda na kulle kaina a kwamfutar shagona

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Daga Jidda nake rubuto maka, inda na shekara 14 ina sana'ar kago, ina tura wa alhazai da 'yan Umara kayansu zuwa Kano da Sakkwato. Ka ara mini fili in yi magana da 'yan uwana masu shaguna.

Tun Disambar 2021 da hukumar zakka da haraji ta Saudiyya ta wajabta rasit na kwamfuta, na'urar nan ta zama kamar sikeli, in ta tsaya ciniki ya tsaya. Guda ɗaya gare mu a kan kanta, ni da yara biyu, duk da asusuna na mai gida, wanda ke da ikon sauya komai a kwamfutar, muke shiga. Kalmar sirrin ma a takarda take, manne a gefen allo.

Bayan Hajjin bara, shago ya cika maƙil, wata Hajiya 'yar Gusau na tsaye da katan uku na dabino da dardumai, sai kwamfuta ta ƙi motsi, tallace-tallace na ta faɗowa. Ashe ɗan ƙanwata ne ya sauko da wasan ƙwallo daga wani shafi da daddare. Na fi rabin awa ina kashewa ina kunnawa. Hajiya ta dube ni ta ce, "Alhaji, ko in leƙa maƙwabta?" Kuma ta leƙa.

Abin da ya kamata in yi tun farko shi ne buɗe wa kowane yaro asusunsa na gama-gari, wanda Windows ba ta barin ya girka yawancin manhajoji sai da kalmar sirrin mai gida. Wannan minti biyar ne. Amma ni na so in wuce nan, in ce Excel da manhajar rasit kaɗai za su buɗu. Aka nuna mini gpedit.msc, wurin da ake sa wa kwamfuta dokoki, wanda ke cikin Windows Pro, babu shi a Windows Home. A ciki akwai dokar da za ka jera sunayen manhajojin da ka yarda da su, sauran duk a hana. Na jera biyu, na danna, ina jin kaina gwani.

Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Ashe in ka sa dokar kai tsaye, kowa take hawa, har mai gida. Na nemi komawa in warware, ita kanta ƙofar gyaran ta ƙi buɗuwa, tunda ban sa ta a jerin ba. Ina zaune ina gumi, sai yaron nan da na yi abin dominsa ya ce, "Kawu, matsa in gani." Ya danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager mai nuna manhajojin da ke aiki ya fito, ta nan ya buɗe ƙofar gyaran ta baya.

Na ji daɗi, na kuma ji tsoro. Hanyar da ya cece ni da ita, ita zai bi gobe in ya ga dama. Daga baya na gane dokar suna kawai take dubawa, ko wasa ka sauya wa suna zuwa excel.exe wucewa zai yi. Katangar zana ce. Daidai dai shi ne a shiga ta mmc, wato tagar kayan gudanarwa ta Windows, a ɗora dokar a kan waɗanda ba masu gida ba kurum, a kuma toshe waccan hanyar ta baya. Mai son katangar bulo sai AppLocker, tsarin Windows na tantance manhajojin da za su buɗu, wanda ya zo tun Windows 7 a 2009, shi yana iya duba sa hannun kamfanin da ya ƙera manhajar. Ban iya shi ba tukuna, ba zan yi ƙarya ba.

Yaron ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure, wai Kawu bai yarda da shi ba. Na ce ai kuɗin aljihun tebur a hannunsa suke kwana. Yanzu a wayarsa yake buga ƙwallonsa.

Roƙona, Malam Edita, ku samo mana masani ya yi bayanin AppLocker da Hausa, daki-daki. Allon kwamfutata da Larabci yake, bayanan da nake samu da Turanci, ni kuma da Hausa nake lissafi.

Naku,
Mai shagon kago,
Jidda, Saudiyya