Na koyar da dalilin faɗuwar manyan ƙasashe, an ce Shaiɗan ne ke magana ta bakina

Zuwa ga Baba Rabaran mai amsa wasiƙun masu sauraro,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan abokan aikinka. Na daɗe ina sauraron shirinka, amma ban taɓa zaton ni ma wata rana zan ɗauki alƙalami in rubuto ba. Abin da ya same ni a ikilisiyarmu ya hana ni barci, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a kusa ba tare da maganar ta koma kunnen wanda ya jawo mini wannan wulakanci ba.

Baba, an dakatar da ni daga koyar da ajin manya na makarantar Lahadi, aikin da na yi shekara da shekaru ina riƙe da shi ba wanda ya taɓa kai ƙarata. Ba a kira ni an zauna da ni ba. Sakataren ikilisiya ne ya tare ni a bakin ƙofa bayan an tashi sujada, yana ta naɗe takardar sanarwa a hannunsa, bai ko ɗaga ido ya dube ni ba, ya ce dattawa sun ga ya kamata in ɗan huta tukuna har ƙura ta lafa. Na tambaye shi wace ƙura, sai ya ce shi ɗan aike ne kawai.

Ga asalin maganar. Muna nazarin littafin Daniyel, muka iso sura ta 5, inda hannu ya yi rubutu a bango a daren da sarki Belshazzar yake shagali da tasoshin Haikalin Urushalima. Wani ya yi tambaya mai kyau, ya ce me ya sa ƙasashen da suka fi kowa ƙarfi suke rushewa. Ni kuma mutum ne mai son tarihi tun ina saurayi, don haka na ba shi amsa da abin da na sani. Na ce Nineba, babban birnin Assuriya, wadda ta razana duniya da zalunci, ta faɗi a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu, Babila kuma da ta gaje ta ta faɗa hannun Sairus na Farisa a 539, bayan duk ganuwarta da dukiyarta. Na nuna musu cewa lokacin da Daniyel ya ba Nebukadnezzar shawara a sura ta 4, abin da ya ce masa shi ne ya rabu da zunubansa ta wurin aikata adalci da jin ƙan waɗanda ake zalunta. Na buɗe Ezekiyel 16:49, inda aka lissafa laifin Saduma da girmankai da ƙoshi da zaman jin daɗi, tare da ƙin taimakon matalauta. Na karanta Karin Magana 14:34, cewa adalci ne ke ɗaukaka al'umma.

Daga nan na kawo misalin Roma, kuma a nan ne wuta ta tashi. Na ce tsakanin shekara ta 235 da 284 bayan haihuwar Almasihu sarakuna fiye da 20 suka hau suka sauka, yawancinsu sojoji ne suka ɗora su, sojoji kuma suka kashe su. Azurfar da ke cikin kuɗinsu aka yi ta ragewa har ta kusa ƙarewa, farashi ya haura, haraji ya yi wa manoma nauyi, masu hali suka janye zuwa gonakinsu suka bar birane. A 395 daular ta rabu gabas da yamma, a 410 Alarik, sarkin ƙabilar Goth, da mayaƙansa suka shiga birnin Roma suka washe shi, a 476 aka tuɓe sarki na ƙarshe na yamma. Sai na ƙara da abin da nake ganin kowane Kirista ya kamata ya sani, wato a lokacin da wannan ya faru Kiristanci ya riga ya zama addinin daular tun 380, birnin cike yake da majami'u da masu addu'a. Masu bautar gumaka ma cewa suka yi barin allolinsu ne ya jawo masifar, shi ya sa Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka, ya rubuta babban littafinsa a kan birnin Allah, yana nuna cewa mulkin Allah bai rataya a wuyan kowace daula ba. Mene ne laifi a cikin wannan, Baba? Akwai kalma ɗaya da na ƙirƙira?

Sai shugaban ƙungiyar addu'a ya miƙe. Yaro ne da bai daɗe da fara tsayawa a gaban jama'a ba, amma yana da murya, kuma ya san yadda ake motsa mutane su yi kuka. Ya ce duk wannan ilimin duniya ne, hikimar jiki ce, domin kowace ƙasa tana da mugun ruhu da ke mulki a kanta, kamar sarkin Farisa da ya tare mala'ika kwana 21 a Daniyel sura ta 10, kuma ƙasa tana faɗuwa ne kawai idan masu bi suka kasa gano sunan wannan ruhu su ɗaure shi. Ya ce maganar haraji da kuɗi da sojoji dabara ce ta Iblis don ya ɗauke hankalin ikilisiya daga filin daga. Ya faɗi wannan yana nuna ni da Littafi Mai Tsarkin da ke hannunsa, a gaban mutanen da na koyar tun kafin ya san hannun damansa da na hagu.

Ni ban musanta yaƙin ruhaniya ba, Allah shi ne shaidata. Na gaskata Shaiɗan yana nan, na gaskata abin da Manzo Bulus ya rubuta a Afisawa sura ta 6, cewa famarmu ba da 'yan Adam muke yi ba. Amma na roƙe shi ya karanta gaba ya ga makaman da aka lissafa: ɗamarar gaskiya, sulken adalci, takalman bisharar salama, garkuwar bangaskiya, kwalkwalin ceto, takobin Ruhu wanda shi ne Maganar Allah, sannan addu'a a kowane lokaci. Kusan dukansu halin rayuwa ne, abin da mutum yake sawa a jikinsa kullum, a wurin aiki da cikin gida. Na ce masa Daniyel da yake kafa hujja da shi bai ambaci sunan wani ruhu ya ɗaure ba, makoki da addu'a yake yi, bai ma san ana wani faɗa a sama ba sai da mala'ikan ya gaya masa, a sura ta 9 kuwa zunubinsa da na mutanensa yake furtawa. Na ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ita ce ƙarya da zalunci da cin haƙƙin marasa ƙarfi. Mutumin da ya kwana yana tsawata wa aljanun ƙasa, gari ya waye ya karɓi cin hanci, wane yaƙi ya yi? Na faɗi wannan a fili, ban kira sunan kowa ba, amma ya ce da shi nake, kuma idan ya ji maganar ta taɓa shi, ai shi ya san dalili.

Ya kamata tun farko in faɗa maka cewa wannan yaro surukina ne, mijin 'yata ta fari. Ni na ba shi ita da hannuna lokacin da wasu suke ba ni shawarar in dakata, ni na tsaya masa a gaban dattawa lokacin da ake shakkar ba shi ƙungiyar addu'a. A daren addu'ar da ya biyo baya, ban je ba saboda ba na jin daɗin jikina, sai aka gaya mini ya sa jama'a sun miƙe suna tsawata wa ruhun shakka da ya shiga ajin manya. Kowa ya san wanda ake nufi. Matata tana wurin, ta dawo ba ta ce mini komai ba, sai da na ji daga waje na tambaye ta, ta ce ba ta so raina ya ɓaci. Amma ta miƙe tare da su, Baba, wannan ba ta musa ba.

Tun daga ranar 'yata ba ta kawo mini jikokina ba. Da na kira ta, ta ce mijinta yana azumi domina, kuma in na ƙasƙantar da kaina na je aka ɗora mini hannu, komai zai wuce. Wato ni ne mai aljani ke nan. Fastonmu kuwa mutumin kirki ne amma yana tsoron rigima, ya ga matasa sun fi yawa a bayan yaron, majami'a tana cika a daren addu'a, don haka ya zaɓi ya yi shiru. Shi da kansa ya taɓa yaba wannan darasi na Roma a wata shekara da ta wuce, yanzu ko gaisuwata a gurguje yake amsawa.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, abin da na koyar game da ƙasashe ina ganinsa yana faruwa a ikilisiya a kan idona. Wanda ya fi murya shi ke da iko, ana yanke hukunci ba a ji ta bakin mutum ba, alhali Matiyu 18:15 ya ce ka fara samun ɗan'uwanka ku biyu kaɗai. Bulus ya ce abokin gaba ba ɗan Adam ba ne, ga shi an mai da ni abokin gaba da sunan wannan aya ɗin. Wani lokaci cikin dare nakan tambayi kaina ko akwai abin da yaron nan yake gani wanda karatu ya rufe mini ido daga gani, sai in sake buɗe Littafi in bi ayoyin ɗaya bayan ɗaya, in tarar suna nan yadda na faɗa.

Don haka ina roƙonka ka bayyana mana a shirinka, domin na san wasu daga cikinsu suna saurare, shin Kirista ya yi zunubi idan ya ce ƙasa tana faɗuwa saboda rashin adalci da girmankai da lalacewar shugabanci, ko dole sai ya ce aljani ne ya kada ta? Sannan yaya ake yaƙin ruhaniya na gaskiya? Amma abin da ya fi damuna yanzu, in rubuta wa dattawa takarda in nemi a zauna da ni, ko in tattara in koma wata ikilisiya, alhali matata ta ce ita ba za ta bi ni ba? Idan kuma na je na durƙusa surukina ya ɗora mini hannu don kawai in ga jikokina, na yarda ke nan a gaban jama'a cewa abin da na koyar daga Shaiɗan yake, kuma zuciyata ba ta amince da wannan ba. Ka taimake ni da amsa kafin ranar jibin Ubangiji mai zuwa, domin ban san yadda zan zauna a layi ɗaya da shi in karɓi ƙoƙon ba.

Naka cikin Almasihu,
Wani dattijo mai sauraronka