A riƙa kawo mana labarin sabon binciken noma

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini.

Ni malamin gona ne a wani ƙauye da ke yankin Gumel. A daminar 2019 na fara binciken digirina na biyu kan tsutsar da ke cin furen wake da kwansonsa, wadda masana ke kira Maruca. Manoma goma sha biyu suka ara mini gefen gonakinsu. Da asuba nake shiga, raɓa ta jiƙe mini wando har gwiwa, in riƙa ɓare fure ɗaya bayan ɗaya ina ƙirga tsutsa a littafi. Wasu manomanmu kan yi feshi sau shida ko fiye kafin girbi, ni kuwa ina neman yadda za a rage.

Ashe a Disambar shekarar aka fitar da irin wake SAMPEA 20-T, aikin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wanda ke jure wa wannan tsutsa, feshi biyu ya ishe shi. Wallahi ban ji ba sai bayan wata bakwai, ranar da na kai wa malamina babi na biyu. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, ina sabon irin Samaru a nan?" Sai da na sake babin daga tushe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dattawan da ke tambayata kullum ko akwai wani sabon abu, ina ce musu babu.

Tun daga nan na canza tsari. Duk Juma'a bayan masallaci nakan hau babur zuwa Gumel inda intanet ke kamawa sosai, in duba saƙonnin da Google Scholar, shafin neman takardun binciken masana, ke turo mini kan wake, in sauke abin da ya samu. Da yawa a kulle suke, sai an biya dala, kuma duk da Turanci.

Edita, ga Samaru, ga cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, a Kano, ga Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero. Don Allah ka ware mana ko rabin shafi ne duk mako, wakilinka ya leƙa can, ya rubuto mana da Hausa abin da suka gano da inda ake samun irin. Ni zan yanke shafin in karanta wa manoma a dandali bayan la'asar.

Naka,
Malamin gona daga yankin Gumel, Jihar Jigawa