Godiya ga cibiyar da ta sasanta ɗana da Turanci

Zuwa ga shugaba da malaman cibiyar darasin yamma da ke Tudun Wada, Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a domin abin da kuka yi wa ɗana ya fi ƙarfin kuɗin watan da nake biya. Tun yana firamare ba shi da buri sai shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, wato NDA, wadda aka kafa a 1964. Lissafi bai taɓa ba shi wahala ba, amma Turanci ya tsaya masa a maƙoshi, ga shi kuwa a jarrabawar JAMB Turanci kaɗai tambaya 60 ne, sauran darussa uku 40 kowanne, kafin ma a kai ga jarrabawar tantancewa ta ita makarantar.

Bara na kai shi wani wuri da ba sai na kama suna ba, na biya kuɗin wata uku a dunƙule. Abin da ya samu shi ne tarin takardun fotokwafi cike da kalmomi jere reras, babu ko jimla ɗaya, wai ya haddace. Ya yi ta karatun aku har tsakar dare, gari na wayewa sun gudu. Malami ya zo yau, gobe babu labarinsa, da na je ƙorafi kuma aka ce mini yaron ne ba ya ja. Ya faɗi jarrabawar, ya kusa haƙura da soja ɗungurungum.

Malaminku na Turanci, Allah Ya saka masa da alheri, ta wata ƙofa ya shigo. Ran farko ya ce yaron ya lissafo muƙaman soja da Hausa: kofur, saje, kyaftin, manjo, kanar, janar, ya ƙara da bariki da fareti. Sai ya rubuta asalin kowacce da Turanci a gefenta, ya nuna masa cewa ashe ya daɗe yana furta Turanci bai sani ba. Daga nan ya koya masa ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato guntayen da ake liƙa wa kalma a farkonta ko a ƙarshenta, yadda ɗan guntun dis- ke juya obey ta zama disobey, ta yadda saiwa ɗaya za ta buɗe masa kalmomi da dama. Ya kuma sa shi riƙe ƙaramin littafi: kalma goma kullum daga jarida, kowacce da jimlarta da kishiyarta da 'yar'uwarta a ma'ana. Na ga littafin da idona, ya lanƙwashe saboda zaman aljihu, har da tabon manja a bangonsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin da jinyar kakarsa ta riƙe shi mako biyu a Ƙaura Namoda. Ku kuka kira kuna tambayar lafiya, kuka rama masa darussan ba ku karɓi ko kwabo ba.

Bana ya haura makin da ake bukata, yanzu shirin tantancewa yake yi. Takaicina shi ne yawan yaranmu da ke fitowa sakandare da kiredit a Turanci amma ba sa iya karanta sanarwar ɗaukar soja su fahimce ta, masu buɗe wuraren darasi barkatai kuma suna ta tatsar iyaye a kan wannan rauni, babu mai zuwa duba abin da suke koyarwa. Ƙanensa na gama aji biyar zan kawo muku shi, in Allah Ya yarda.

Naku,
Wani mahaifi daga Sabon Gari, Gusau.